Igiyar Lorcan da Tsaunuka Marasa Suna

Labarin nan na ƙasar sanyi ne, don haka mai bargo ya jawo abinsa tun yanzu.

A can ƙarshen duniya ta kudu, inda rana kan yi wata shida tana kewaya sama ba ta faɗi ba, akwai wani birni a ƙarƙashin ƙanƙara. Mazaunansa aljanun tsaunuka ne, kowane tsauni da nasa. Ba sa ci, ba sa sha, ba sa jin sanyi. Abu ɗaya ne ke cin ransu: ba su da suna. Tun da aka halicce su babu wanda ya taɓa kiran ɗayansu, domin aljanin tsauni ba ya iya raɗa wa kansa suna, sai ɗan Adam ya hau ƙololuwarsa ya ba shi. Ɗan Adam kuwa ina zai iya, ga sanyin da ke tsinke yatsu tun daga gindin dutse.

Cikin wannan birni Lorcan Devane ya faɗo wata rana, kai ƙasa ƙafa sama.

Shi Lorcan ɗan wani ƙauyen makiyaya ne a yammacin ƙasar Ayalan, bakin teku. Wani dattijo mai suna Colm Hession ne ya koya masa hawan dutse, don a ƙauyensu tunkiya kan maƙale a gefen dutsen da ke kallon teku, sai an ɗaura wa mutum igiya a kugu an zura shi ya ɗauko ta. Mai riƙe masa igiyar kullum shi ne Malachy Tuohy, abokinsa tun suna ƙanana, wani ƙato mai sanyin magana wanda in ya riƙe abu sai dai abin ya gaji. Ƙanwar Malachy ɗin, Nuala, ita Lorcan ya aura. Mutum ne jarumi, wannan ba a musu, amma yana da ciwo guda da ba ya jin magani: so yake a san shi. Shi ya sa da aka zo neman ƙarti masu jan kaya a wani jirgin ruwa da zai tafi binciken ƙasar ƙanƙara, ya ja Malachy suka shiga. Can suka ga al'adar masu wannan sana'a: duk wanda ƙafarsa ta fara taka ƙololuwar tsaunin da ba a taɓa hawa ba, shi ke raɗa masa suna, a rubuta a taswira, ya zauna har abada. Manyan tafiyar suna ta rabon ƙananan tuddai a tsakaninsu, Lorcan yana jan akwatin abinci yana haɗiyar takaici.

Ran nan suna tafiya sai ƙanƙara ta tsage a ƙarƙashinsa, igiyar da ke tsakaninsa da Malachy ta goge da baki mai kaifi ta tsinke. Ya yi ta gangarawa cikin wani rami shuɗi, har ya daina ihu don ya gaji, sannan ya faɗa tsakiyar wani zaure mai faɗin kasuwa. Ko'ina haske, babu fitila. Dogayen mutane farare fat sun kewaye shi, ba su da gira, numfashinsu ba ya hayaƙi. A kan wata kujera ta ƙanƙara wata mace na zaune, ta fi su duka tsawo.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ka shigo mana ba sallama. Ni ce Magajiyar Tsaunuka. Wannan sarauta ce ba suna ba, don suna ba ni da shi. Kai kana da shi?"

Ya durƙusa, haƙoransa na kaɗawa, ya ce, "Ranki ya daɗe, Lorcan Devane ake ce da ni."

Da jin haka sai zauren ya ɗauki wani irin nishi, kamar an gifta wa masu yunwa da tuwo.

Magajiya ta ce, "Mun daɗe muna jin ƙafarka a kanmu. Ka fi shugabanninka iya hawa, kuma ka san haka, shi ya sa ba ka barci. Ga ciniki, in kana so." Ta miƙa hannu aka ɗora mata wata igiya fara, siririya. "Wannan ba ta tsinkewa. Duk tsaunin da ka nufa da ita zai buɗe maka hanya, ka hau inda ba wanda ya taɓa hawa. Hanya kaɗai muke buɗewa, jikinka kuwa kai za ka kula da abinka. Ladanmu shi ne sunan da za ka raɗa a sama. Amma ka saurara da kyau, don mu ba ma ɓoye sharaɗi. Sunan mai rai muke so, wanda ka taɓa cin abinci daga hannunsa. Da ka furta, mai sunan ya zama namu. Za mu ɗauko shi duk inda yake mu tsayar da shi cikin bangon nan, ido buɗe, ba mutuwa ba barci. Duniya za ta manta da shi, har uwar da ta haife shi, kai kaɗai za ka riƙa tunawa. Kuma gwargwadon tsawon tsauni, gwargwadon kusancin wanda zai karɓa."

Lorcan ya dubi bangon. Fili ne fetal, babu kowa a ciki tukuna.

Ta ce, "Saura ɗaya. Da igiyar muka ƙulla alkawari, ba da kai ba. Duk wanda ke ɗaure da ita, in ƙafarsa ta riga taka ƙololuwa, bakinsa ne ke raɗa suna."

Ya yi dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba abin damuwa ba ne. Ni nake gaba kullum."

Na so in ce muku ya yi jinkiri, ko ya tuna da Allah. Ko ɗaya bai yi ba. Ya karɓi igiya ya cilla bakinta sama, ta miƙe da kanta har bakin ramin, inda Malachy ke kwance rub da ciki tun ɗazu yana kiran sunansa yana kuka. Malachy ya jawo shi, ya rungume shi, bai ma tambayi inda igiyar ta fito ba.

Tsauni na farko bai yi masa wuya ba. Da suka koma gida wani attajiri mai suna Hackett ya gayyace shi cin abinci, ya cika shi da naman rago, ya ce zai shirya masa jirgi da karnuka da tantuna, in har zai sa wa wani tsauni sunansa. Mutum ne mai tumbi da son a yabe shi, har hannun Lorcan ya kama yana roƙo. Lorcan ya ce, "Yallaɓai, ai ko ba ka roƙa ba." Bayan wata bakwai ya tsaya a kan wani tsauni mai kai biyu, Malachy na bayansa da taki goma, ya ɗaga gatarinsa ya kira sunan Hackett. Da suka dawo Ayalan suka tarar da gidan attajirin cike da barori da abinci, kowa na hidimarsa, amma babu wanda ya san wa yake yi wa. Lorcan ya ci abincin biki a gidan ranar, kuma ya ƙoshi.

Jaridu suka ɗauka. Aka buga hotonsa da gemu da gatari, yara na bin sa a titi. Tsauni na biyu ya ninka na farko, Lorcan ya yi ta kiran sunayen 'yan jirgi a kansa, iska na dawo masa da su a fuska kamar tsakuwa. Sai da ya kira Colm Hession sannan iskar ta kwanta. A daidai lokacin dattijon na zaune a ƙofar bukkarsa yana gyaran wata tsohuwar igiya da ya ce zai ba Lorcan in ya dawo. Tumakinsa suka yi kwana uku suna kuka a garke kafin maƙwabta su raba su, suna mamakin dabbobin da ba su da mai su.

Abin haushin shi ne, wannan ne ya ƙara masa daraja. Mutane suka ce ku dubi tawali'u, ga mutum ya hau abin da ba a taɓa hawa ba, bai taɓa sa wa ko tudu sunansa ba, sai sunayen bayin Allah da ba wanda ya san su. Har a coci aka yi wa'azi da shi.

Ana gobe zai yi tafiya ta uku, da hantsi, Nuala na zaune bakin taga tana ƙarasa saƙa masa safar ulu. Mace ce mai yawan zolaya. Ta ɗago ta ce, "Maigida, kai dai ba ka da kirki. Kana ta rabon duwatsu ga mutanen da ko sunansu ban taɓa ji ba, ni da nake dafa maka dankali shekara tara ko tsakuwa ba ka ba ni ba."

Ya dube ta, ya ce, "Naki na nan tafe."

Ta ce, "To ka zaɓo mini dogo, kada ka kawo mini wani guntu abin kunya."

Dogo ya zaɓa. Kwana goma sha ɗaya suka yi suna hawa, igiya na buɗe musu hanya: inda babu matakin ƙafa sai mataki ya tsiro, inda dusar ƙanƙara ta zubo sai ta rabe biyu ta bar su a tsakiya. A sama ya tsaya ya daɗe. Ya san babu sunan da tsaunin zai karɓa sai ɗaya daga cikin biyu, kuma ɗayan shi ne ke riƙe masa igiya. Ya buɗe baki ya ce, "Nuala."

Malachy ya fashe da kukan murna. Ya ce, "Mutumina, Allah ya saka maka! Ƙanwata a taswirar duniya! Wallahi in ta ji sai ta..." Sai ya tsaya, baki buɗe. Ya share hawayen, ya dubi hannunsa yana mamakin abin da ya jiƙa shi. Can ya ce, "Sunan da daɗi. Wace ce Nuala?"

Lorcan ya ce, "Wata ce da na taɓa sani."

Ya koma ya tarar da gida a share, tukunya a kan murhu da ta daɗe da hucewa, allurar saƙa a ƙasa bakin taga. Maƙwabta suna yi masa tsiya wai yaushe gwauro zai yi aure. Ya yi kuka, kada a ce na rage masa, kuka na gaske har da birgima. Washegari aka kawo masa lambar girma daga babban birni, ya wanke fuska ya tsaya aka rataya masa.

Saura tsauni ɗaya, wanda ya fi kowanne, can tsakiyar ƙasar ƙanƙara inda ko tsuntsu ba ya zuwa. Na Magajiya ne da kanta. Wanda ya hau shi ya gama da duniya, ba za a ƙara ambaton wani mai hawan dutse ba sai bayansa. Saura kuma mutum ɗaya da tsaunin zai karɓa. Lorcan ya je ya same shi yana gyaran katangar gonarsa. Malachy ya tsufa kafin lokacinsa, kuma ya zama mai yawan shiru. Ya kan ce wa Lorcan yana jin kamar ya ajiye wani abu ya manta inda ya sa.

Lorcan ya ce, "Tafiya ɗaya ta rage mana."

Malachy ya ajiye dutsen da ke hannunsa ya ce, "Gwiwoyina sun fara ƙara, mutumina. Amma wa zai riƙe maka igiya in ba ni ba? Bari in gasa mana burodin hanya."

Suka shiga teku. Suka wuce tsibiran ƙanƙara masu yawo, waɗanda kan haɗe su matse jirgi kamar gyaɗa, amma da Lorcan ya ɗaura igiyar a goshin jirgin sai suka dare. Suka sauka a gaɓar da tsuntsaye masu tafiya a miƙe kamar mutane suka yi sahu dubu-dubu. Malachy yana dariyar tafiyarsu, shi kuwa Lorcan yana jin abin da suke cewa: "Maraba da mai raɗa suna. Wannan ƙaton ne ka kawo mana?" Suka bar 'yan jirgi a nan, suka nausa su biyu da karnuka goma sha biyu. A filin da ba shi da inuwa karnuka suka fara mutuwa, suna ciyar da rayayyu da matattu, har aka zo na ƙarshe suka cinye shi su ma. Daga nan suka sa kafaɗa suka ja kayansu da kansu.

A gindin tsaunin akwai wani kwari da iska ke bi tana magana. Malachy iska kurum yake ji, huuu. Lorcan kuwa muryoyi yake ji ɗaya bayan ɗaya. Hackett ya ce, "Naman ya yi daɗi?" Colm ya ce, "Ɗana, ka duba ƙullin igiyarka, kullum kana gaggawa." Ya toshe kunne ya wuce su. Sai wata murya ta zo dab da wuyansa, da zolayar nan da ya sani, ta ce, "Maigida, safar ta yi maka daidai?"

Ya zauna a kan ƙanƙara kamar mahaukaci, ya tuɓe takalma, ya fizge safar ya jefa wa iska. Malachy ya bi ta da gudu bai samu ba. Ya cire tasa zai ba shi, Lorcan ya ƙi, don ita ma saƙar Nuala ce, ko da yake mai ita bai san wa ya saƙa masa ba. Kwana biyu bayan haka yatsun ƙafar Lorcan suka yi baƙi.

Bai daddara ba, da rarrafe ya ci gaba. Da suka kai rabin tsaunin suka bi ta gefen wani bango mai sheƙi kamar gilas, sai ya hango mutum uku a tsaye can ciki. Ya cire baƙin tabarau ɗin da ke kare masa ido don ya tabbatar. Su ne. Nuala na sanye da rigar da ya bar ta da ita, hannunta a ɗage kamar mai riƙe da allura, idonta a kansa. Ya kasa ɗauke kai, ya yi ta kallo har hasken rana da ke tashi daga ƙanƙara ya ƙone masa idanu. Kafin su kafa tanti ba ya ganin ko tafin hannunsa.

Malachy ya ce, "Mu koma. Tsauni ba ya gudu."

Lorcan ya damƙe masa riga ya ce, "Ba inda za ni. Goya ni za ka yi. Amma ka rantse, in saura taki uku a kai sama, ka sauke ni in taka da ƙafata."

Malachy ya ce, "To, mutumina."

Ya goya shi, ya ɗaure shi a bayansa da farar igiyar, ya zagayo da ita kugunsa. Haka wannan bawan Allah ya hau da mutumin da ke shirin sayar da shi, yana tauna burodi ya yi laushi ya miƙa masa ta kafaɗa, yana yi masa waƙar makiyayan ƙauyensu don kada barcin mutuwa ya ɗauke shi. Lorcan yana ci, yana maimaita sunan a zuci don kada harshensa ya sarƙe in lokaci ya yi: Malachy Tuohy, Malachy Tuohy. Jim kaɗan sai ya ce, "Mun kusa?" Malachy ya ce, "Saura kaɗan." Haka masu hawan dutse kan ce wa juna ko da saura yini guda, don haka bai zargi komai ba.

Can sai ya ji tafiya ta tsaya. Iska ta ɗauke ɗif. Babu sauran gangare a gaba, jikinsa ya gaya masa.

Malachy yana haki ya ce, "Mun iso. Ina tsaye a kai. Ka yafe mini, na karya rantsuwa, da gangan na yi."

Lorcan ya so ya yi ihu, amma numfashinsa ya daskare a gemu ya liƙe masa leɓɓa. Ya yage su da ƙarfi, jini ya zubo, ya ce, "Sauke ni! Kada ka ce komai!"

"A'a, yau kam sai ka ji ni. Shekara da shekaru ina bayanka ina kallo, kana ba wasu, ba ka taɓa ɗaukar wa kanka ko tudu ba. Na san in na sauke ka wani za ka sake ba. Ƙafata ce ta fara takawa, al'ada ta ba ni baki."

"To sa naka! Malachy, don Allah kira sunanka! Naka!"

Malachy ya yi dariya har hawaye. Ya ce, "Ka ji ka! Ga ka makaho, ga ƙafa ta mutu, har a nan ma wani kake so wa alheri. Allah bai yi irinka biyu ba." Ya cire hularsa, ya cika ƙirji, ya yi kiran da ya saba yi daga saman dutsen ƙauyensu in ya zura abokinsa neman tunkiya: "Lorcan Devane!"

Nan take Lorcan ya ji idanunsa sun buɗe, yana gani tar. Yana tsaye cikin bango, ƙanƙara ta kama shi tun daga gashi har tafin ƙafa, ko ƙifta ido ba ya iyawa. Ta cikin tsaunin, can sama, ya hango Malachy tsaye shi kaɗai yana shafa bayansa, yana juya wani zagayen igiya da babu kowa a ciki. Ya ga ya ciro littafinsa ya rubuta sunan don kada ya manta, ya karanta, ya sosa kai. Sannan ya kwance igiyar ya yar, ya fara gangarowa da sauƙi, kamar wanda aka sauke wa kaya.

Aka yi guɗa a zauren. Magajiya ta taso daga kujerarta, ta zo ta tsaya a gabansa, fuskarta ta yi haske.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ka cika alkawari, mu ma mun cika. Suna ka so ya ɗore, to zai ɗore, don yanzu nawa ne, ni kuwa ba na mutuwa. Mun kuma yi maka karamci, ba mu jera ka a gefe ba." Ta matsa, sai ga Nuala a bangon da ke fuskantarsa, taki huɗu tsakaninsu, ido cikin ido.

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, sanyin kuwa na bar shi can inda na same shi. An ce a birnin nan yanzu babu abin da aljanu ke so kamar gaishe da shugabarsu, don sabon abu ne a bakinsu. Sukan zo ɗaya bayan ɗaya, yini guda wanda ba ya ƙarewa, su durƙusa a gabanta dab da bangon su ce, "Lorcan Devane, ranki ya daɗe." Duk lokacin da aka kira, sai ya yunƙura cikin ƙanƙara zai amsa, matarsa na kallonsa, sai Magajiya ta riga shi cewa, "Na'am."